Ciki Ya Yi Shiru, Baƙin Ciki Fa?

A wani foyandi da muka yi a unguwar Bukoki, cikin tsananin zafin watan Afrilu, aka ajiye mana babban faranti na dambu da kopto, ga soyayyun kaji a gefe, ga zoɓo mai ƙanƙara yana zufa a jikin roba. Mu goma sha wani abu muka zagaye shi. Taubashiyata, ɗiyar gwaggona, wadda duk dangi suka sani da cewa ba ta yi wa faranti kara, ta kai loma biyu ta janye hannu. Aka tura mata cinyar kaza, ta girgiza kai. Ta ce wata biyu ke nan tana rejim, kilo bakwai sun tafi, kuma abin da ya fi ba ta mamaki shi ne yunwa ta daina kawo mata ziyara. Sai ta wuni a kan kofin shayi da rabin burodi, har a kira magariba ba ta tuna da tukunya ba.

Guɗa ce kawai ba a yi ba. Gwaggo ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗiyata, Allah ya yaye miki. Cikin ya tsuke, haɗamar ta mutu." Wata ta ce a taimaka a ba ta sirrin. Wata ta ce ai daman magana ce ta ƙarfin zuciya, duk wadda ta daure sati biyu ta haye.

Ban ce uffan ba. Foyandi ba wurin gardama ba ne, kuma ba ni ce zan musa wa gwaggo magana a gaban jama'a ba. Amma abin ya tsaya mini a maƙogwaro har yau, domin wannan magana ba ta gwaggo kaɗai ba ce. Ana yin ta a buro, ana yin ta a wurin kitso, ana yin ta a bakin masu zagaye filin wasa na Seyni Kountché da asuba: wai wanda ya yi fama da ɗura wa kansa abinci a duk lokacin da ransa ya ɓaci, in ya shiga rage ci har sha'awar abinci ta ɗauke masa, to ya rabu da ciwon ke nan. Ina girmama masu faɗin haka, don da fatan alheri suke faɗa. Amma ban yarda ba, kuma ina da dalili.

Bari in fara da ba su haƙƙinsu. Ba ƙarya taubashiyata ta yi ba. Yunwa kan ja baya da gaske. Duk wanda ya taɓa azumi ya san kwanaki ukun farko su ne masu wuya, kai na sarawa, ciki na kuka da azahar, amma kafin a kai goma ga wata jiki ya saba, har wani kan sha ruwa da dabino uku da kofin kunu ya ji ya ƙoshi. In mutum ya rage tuwo da shinkafa da sukari ƙwarai, hanta kan juya ta fara narkar da kitse, ta fitar da wasu sinadarai cikin jini waɗanda ke dusashe jin yunwa. Wake, ƙwai, kifi da ganye irin zogale sun fi farin burodi da lemun kwalba daɗewa suna riƙe ciki. Har maganar tsukewar cikin ma tana da ƙamshin gaskiya: wani masani a birnin New York, Allan Geliebter, ya auna tumbin masu ƙiba da wata ƴar balan-balan da ake cika ta da ruwa, ya ga bayan makonni huɗu na rage ci abin da tumbin ke iya ɗauka kafin mutum ya ji ya cika ya ragu. Sai dai sabo ne tumbin ya yi, ba ɗinke shi aka yi ba, kuma abin da sabo ya rage, sabo na iya mayar da shi. A ɗora a kan wannan zafin Yamai na Afrilu da Mayu, inda ma'auni ke haura 40 kusan kullum. Wa ke marmarin tuwo da rana tsaka a wannan lokaci? Ko rago mai ci bakwai ruwa yake nema.

Saboda haka raguwar yunwa, ita kaɗai, ba abin tashin hankali ba ce, kuma sau da yawa sauƙi ce daga Allah. Inda na rabu da gwaggo shi ne hukuncin da ta yanke da ita. Ta kira ciki ya ba da shaida a kan rigimar da ba a gabansa aka yi ba.

Ni na san yadda abin ya faro, don ni ta faɗa wa. Shekara biyu da suka wuce mijinta ya ƙara aure. Ba ta yi borin kishi ba, ba ta yi yaji ba, ta haɗa wa amarya kayan ɗaki da hannunta, kowa ya yaba ya ce ga mace mai tarbiyya. Amma a daren da ba nata ne girki ba, in yara sun yi barci, sai ta buɗe firigo. Ragowar shinkafar rana da sanyinta, a tsaye, ba tare da ta kunna wuta ba. Daga nan burodi da mayonez. Daga nan fanken da aka aje wa yara na lakwal. Sai ta ji numfashi na yi mata wuya sannan ta tsaya, ta wanke tukunya tas don kada kowa ya gane, ta kwanta tana kuka. Ta ce da ni, "Yaya, wallahi ba yunwa nake ji ba. Cikina a cike yake. Hannuna ne ba ya tsayawa."

A duba wannan magana da kyau. Ba yunwa take ji ba. To in ba yunwa ce ta kai ta bakin firigo ba, yaya ɗaukewar yunwa za ta zama hujjar cewa ba za ta koma ba?

Hausa ma da kanta ta riga ta tona asirin. Ba a kai muke ajiye damuwa ba, a ciki muke ajiye ta. Muna cewa baƙin ciki, muna cewa farin ciki. Mai ɓoye damuwa mai zurfin ciki ne. Wadda aka ɓata wa rai akan ce ta haɗiye. Kakanninmu suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, suna nufin a koyi riƙe magana. To macen da aka horar tun tana ƙarama ta haɗiye fushi, ta haɗiye kishi, ta haɗiye kewa, me zai ba mu mamaki in wata rana ta nemi abin da za ta tura su da shi? Ɗaki ɗaya ne, baƙi biyu ke kwana a cikinsa. Don ɗaya ya yi shiru ba shi ke nuna ɗayan ya tashi ba.

Likitoci sun san wannan hali da daɗewa. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Albert Stunkard, ya bayyana shi a rubuce tun 1959. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba shi gurbinsa na kansa a kundin cututtukanta, kuma yana cikin sabon jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022. Alamominsa kamar a ɗakin taubashiyata aka zauna aka rubuta su: cin abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, da sauri, ba tare da yunwa ba, a ɓoye saboda kunya, da jin cewa linzami ya kuɓuce, sannan nadama da ƙyamar kai su biyo baya. In hakan na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku, ya zama ciwon da ke neman magani. Babu inda aka ce ana gane shi da girman yunwa, kuma babu inda aka ce ana gane warkewarsa da ƙanƙantarta. Sunan da muke ba shi, haɗama ko zari, suna ne na zagi, kuma zagi bai taɓa sa mai ciwo ya fito ya nemi taimako ba.

Me ya sa shekara biyu babu wanda ya lura? Domin a garin nan jiki ado ne. Tana ƙara kilo ana cewa hankalinta kwance yake, kishiya ba ta dame ta ba, maigida na kula da ita. Mun gaji wannan ido ne. Zabarmawa na da hangandi, inda mata ke cika ciki da hatsi da nono don su fito su yi gasar cikar jiki. Wata masaniyar al'adu, Rebecca Popenoe, ta zauna cikin Larabawan Azawak na ƙasar nan, ta fitar da littafi a 2004 a kan yadda ake ɗura wa ƴan mata fura da madara tun suna ƙanana domin su yi jikin aure. Mu kuma da muka tashi da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973 da na 1984 a bakin tsofaffi, rama a idonmu alamar wahala ce ko ciwo. Har yau a teburan masu sayar da magani a bakin kasuwa ana samun ƙwayoyin sha-ka-fashe. Sai kuma ga zamani ya juyo da tansiyo da ciwon sukari da ciwon gwiwa, likita na cewa a rage, masu tallar shayin rage tumbi sun cika WhatsApp da TikTok. Mace ɗaya, an yi mata tafi tana hawa, an yi mata tafi tana sauka, kuma a duka biyun sikeli aka tambaya, ita ba a tambaye ta ba.

Sai kuma maganar ɗorewa. Gwaggo na ganin yunwar ta mutu. Abin da aka gano game da jikin ɗan Adam na cewa kwanton ɓauna take yi. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a jami'ar Rockefeller suka gano wani sinadari mai suna leptin, wanda kitsen jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa don shaida mata cewa rumbu na da hatsi. In kitse ya ragu, saƙon ya raunana, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya shigo. A 1999 masana a Japan suka gano wani, grelin, wanda tumbi ke fitarwa yana kiran a ci. A 2011 aka buga sakamakon wani bincike daga Melbourne ta Ostareliya: mutum 50 masu ƙiba aka sa su rage ci mai tsanani na makonni 10, suka zubar da wajen kilo 13 kowanne a matsakaici. Da aka sake auna su bayan shekara guda, sinadarin kiran yunwa na nan sama da yadda yake kafin su fara, na ƙoshi yana ƙasa, kuma da bakinsu suka ce sun fi jin yunwa. Wani lissafi da Kevin Hall da abokansa suka fitar a 2016 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya zubar, jiki kan ƙara matsa masa ya ci wajen kalori 100 a kowace rana. A yi lissafin kilo bakwai. Jiki ba ya yafe bashi, jinkirta karɓa kawai yake yi.

Babu labarin da ya fi nuna wannan kamar na Minnesota. A ƙarshen 1944, ana cikin yaƙin duniya na biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu waɗanda suka ƙi ɗaukar bindiga saboda aƙidarsu, suka yarda a gwada yunwa a jikinsu domin a san yadda za a farfaɗo da mutanen Turai bayan yaƙi. Aka raba abincinsu kusan biyu har tsawon makonni 24, suna kuma tafiyar ƙasa ta wajen kilomita 35 a mako, har kowanne ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Ƙarti da ba su taɓa shiga madafa ba suka koma tara littattafan girki. Suka zama masu saurin fushi, masu gudun mutane. Da aka sake musu mara, wasu suka riƙa ci har su rasa inda za su sa kansu, su huta kaɗan su koma, aka yi watanni ana haka. Waɗannan fa ba su da kishiya, ba su da tsohon tabo da abinci. Matsi kaɗai ya koya musu ɗura. Ina ga wadda daman hanyar firigo a tafin ƙafarta take?

Mu mutanen Yamai bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, don muna da malami a tsakiyar gari. A tsaya a kan gadar Kennedy a watan Mayu a dubi kogi: yashi ya fito tsibi-tsibi, shanu na kiwo a inda jirgin kwale-kwale ke wucewa a watan Janairu. Baƙon da ya zo ranar zai rantse ruwan ya ƙare. A watan Satumba na 2020 wannan kogin ne ya fasa madatsar Lamorde ya shiga gidajen mutane a hayin Harobanda, dubbai suka kwana a makarantu. Wanda ya ga haka ba ya sayen fili a gaɓa don ya ga rani ya yi tsawo.

Rejim mai tsanani madatsa ce irin wannan, kuma tana da wani mugun hali: da zarar ta tsage kaɗan, mai ita da kansa ke ƙarasa rushe ta. A 1975 masu bincike biyu, Herman da Mack, suka gwada ɗalibai mata a wata jami'a ta Amurka. Aka ba wasu madara mai sukari kofi ɗaya ko biyu, wasu ba a ba su komai ba, sannan aka ajiye wa kowa askirim aka ce ta ɗanɗana. Waɗanda ba sa takura kansu, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, kamar yadda hankali zai ɗauka. Masu takura kai kuwa, da suka sha sai suka ƙara ci fiye da takwarorinsu da ba su sha ba. Tunanin shi ne: tunda na riga na karya, bari in karya gaba ɗaya, gobe na sake sabon lale. Kowace mace da ta taɓa rejim ta san wannan muryar. Ita ce ke magana a gidan suna bayan an ci masa guda biyu. To a duba abin da tafin foyandi ya yi wa taubashiyata: ya ɗaga mata madatsar sama, ya kuma tara mata ƴan kallo. Yanzu ranar da yunwa ta dawo, kuma za ta dawo don halittar jiki ce, ba za ta ce jikina na neman haƙƙinsa ba. Cewa za ta yi na ji kunya, haɗamar ba ta mutu ba. Kunya kuwa ita ce ainihin abin da take turawa da shinkafa mai sanyi.

Akwai wani abu da ya fi ba ni mamaki a wannan ra'ayi, wato a Nijar ake faɗinsa. Ƙasar da ta koya wa duniya darasi a kan tamowa. A 2005, lokacin matsalar abinci, ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da yara fiye da dubu sittin ta hanyar ba su wannan haɗin gyaɗa da madara na cikin leda, Plumpy'Nut, mafi yawa a jihar Maraɗi, kuma daga baya a nan Yamai aka riƙa sarrafa shi. Duk ma'aikaciyar da ta yi aiki a irin waɗannan cibiyoyi ta san gwajin farko da ake yi wa yaro: a ba uwa ledar, a zaunar da su a gefe, a ga ko zai ci. Yaron da ya fizge ya cinye, a sallame shi gida da guzurin mako. Yaron da ya kau da kai, shi ne ake kwantarwa a CRENI, sashen jinyar masu tamowa mai tsanani, don shi ne ke cikin haɗari. Ban ce babbar mace mai kilo tamanin daidai take da jariri mai tamowa ba, nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne mun riga mun sani, a aikace, cewa jikin da aka rage wa abinci kuma ya daina nema ba lalle ne lafiya ta sa shi shiru ba. Mun san haka a kan yaranmu, a kan tsofaffinmu, har a kan tumakinmu: ragon da ya ƙi dusa ba a yi masa barka. Sai a kan mace mai jiki kaɗai muke mayar da shi abin guɗa.

Kuma ƙin abinci ƙofa ce da cututtuka da yawa ke shigowa ta cikinta. Zazzaɓin sauro da taifod, tarin fuka, ciwon hanta da ya yi yawa a yankinmu, gyambon ciki, ƙaramin ciki da mai shi ba ta riga ta sani ba, wasu magungunan sukari irin metformin. Ciwon damuwa ma fuska biyu gare shi, yakan sa wani ci ba tsayawa, yakan sa wani ya ji abinci kamar ƙasa a baki, kuma mutum ɗaya na iya wucewa daga wannan fuska zuwa waccan ba tare da ya fita daga ciwon ba. Akwai kuma guda ɗaya da ya kamata a yi shelarsa a kowane foyandi. Ƙwayoyin sha-ka-fashe iri biyu ne suka fi yawa: siproheptadin, maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki, da dekisametazon, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya hau da jini da sukari, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana shan na biyun, jikinta ya daina yin nasa sinadarin da kansa. In ta wayi gari ta watsar da shi rana ɗaya don ta shiga rejim, sai ci ya ɗauke, tashin zuciya da kasala da jiri su zo, jini ya faɗi, har ana iya rasa rai. A hankali ake janye shi, a hannun likita. Irin wannan ma a idon gwaggo cikinta ne ya tsuke. Shayin rage tumbin da ake tallatawa kuwa, da yawansu ganyen filasko ne mai sa gudawa, ruwa yake fitarwa ba kitse ba, kuma hukumomin magani a ƙasashe da dama sun sha kama wasu da aka cusa wa sibutramin, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya.

Na san abin da za a ce mini: to ke me kike so, ta koma ta ci gaba da ɗura har tansiyo ya kayar da ita? A'a. Rage nauyi ga mai buƙata alheri ne, kuma rage ci cikin tsari da sassauci, ƙarƙashin kulawa, ba shi ne ke haddasa ɗura ba. Tsanani ne ke haddasa ta, da wuni ba ci, da raba abinci gida biyu, na halal da na haram, alhali Allah bai haramta ba. Christopher Fairburn na jami'ar Oxford, wanda hanyarsa ta jinyar wannan ciwo ta fi kowace yaɗuwa, ɗaya daga cikin matakansa na farko yakan ba mutane mamaki: a ci. Sau uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kada a bar tazara ta wuce awa huɗu, kuma agogo za a bi, ba jin yunwa ba, domin a wurin mai wannan ciwo ƙararrawar yunwa da ta ƙoshi duk sun rikice, ba abin dogaro ba ne tukuna. Wato shawarar masana ita ce kishiyar abin da muka tafa wa. Tare da haka sai a riƙa rubuta abin da aka ci da abin da ya faru kafin a ci, har a gano wane dare ne, wace magana ce, wane kiran waya ne ke buɗe firigo.

Addininmu ma bai yaba wa tsanani ba. Azumi ibada ce mai girma, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbansa haɗa kwanaki suna azumi ba buɗa-baki, ya kwaɗaitar da yin sahur da gaggauta shan ruwa. Ko yunwar da ake nema lada da ita an yi mata iyaka da fitowar alfijir da faɗuwar rana. Balle wadda ake yi don sikeli.

In ana neman alamar sauƙi ta gaskiya, ba a farantin foyandi za a gan ta ba. A daren ɓacin rai ake ganin ta, abinci na cikin gida, babu mai kallo, mutum ya ji zafin ya zauna da shi, ko ya kira wani, ko ya yi alwala, ko ma ya ci ƙwarya guda a zaune da wuta a kunne ya tsaya. Ana ganin ta a wurin wadda za ta ci masa biyu a gidan suna ta koma gida ta ci tuwon darenta kamar kowa, ba ta yanke wa kanta hukuncin wuni da yunwa gobe ba. Wannan ba a sati biyu ake samunsa ba, kuma sau da yawa ba a samunsa a kaɗaice. Matsalarmu ita ce a Yamai in ka ce wa mutum ya ga likitan ƙwaƙwalwa, Pavillon E na Babban Asibitin Ƙasa yake hangowa, ya ce ka kira shi mahaukaci. Alhali sauraron mai damuwa da koya masa dabarun riƙe kai aiki ne da masana halayyar ɗan Adam suka karanta, kamar yadda wani ya karanci haƙori. Kafin a kai can ma, akwai yaya, akwai aminiya, akwai malama a makarantar Islamiyya. Muna tara jika-jika duk wata a foyandi don kada ɗayarmu ta rasa kuɗin biki. Minti goma na tambayar "yaya zuciyarki?" bai fi ƙarfinmu ba.

Bayan kwana uku da foyandin na tafi gidanta da la'asar. Na tarar tana tankaɗe. Muka taɓa wasan taubasai, na ce baiwata ta rame ta bar ni da ɗaukar kaya, ta ce ni ce dai baiwar. Da dariya ta lafa na tambaye ta ina amarya, ban ji motsinta ba. Ta ce ai tana Dogon Dutsi wurin iyayenta, ta tafi goyon ciki, ta haihu, tana wanka. Na ce tun yaushe? Ta ɗaga kai tana lissafi da yatsu, sai na ga hannunta ya tsaya a kan rariya.

Wata biyu da ƴan kwanaki. Tun ranar da ta fara rejim, duk daren duniya nata ne girki.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Yaya, jibi take arba'in. Ranar Lahadi za a dawo da ita."

Na ce ta je a auna jininta, ta faɗa wa likita duk abin da take sha, har shayin da ta saya a waya. Na ce ta mayar da kalaci da abincin rana, ko tana so ko ba ta so. Sannan na ce daren da ba nata ba, ta kwaso yara su zo Yantala mu ci tuwo tare, in dare ya yi maigidana ya mayar da su. Ta ce me za ta gaya wa gwaggo in ta ga ta koma ci? Na ce ta bar ni da gwaggo.

Daren Litinin suka zo a taksi, ita da yara uku. Tuwon masara na yi da miyar kuɓewa busasshiya. Ta zauna a tabarma ta ci malmala ɗaya a hankali, tana ba ni labarin irin kayan da aka dawo da amarya da su, da yadda jaririn ya ɗebo hancin uban. A tsakiyar labarin muryarta ta karye, ta yi kukanta, na bar ta ta yi. Da ta share ido ta dubi kwanon ta ce in ƙara mata miya kaɗan, tuwon ya ishe ta.